Sawun Ɗiyan Akuyar Inna Tani

Ranar Laraba da hantsi Inna Tani ta sauko daga motar garin Isa, inda ta yi kwana goma, ta shiga gida da sallamarta, ta fito ba ɗankwali. Kafin in sauke kaskon awara daga wuta, rabin Tudun Marke ya taru bayan gidanta. An yage dangar garke, turke na nan da guntuwar igiya, ba jar akuya, ba ɗiyanta biyu. A ƙasa ga kwanson harsashi. Gefe kuma ga sawun tayar mashin.

Ba wanda ya ce ɓarawo. A garinmu an daina wannan kalmar. "Mutanen daji," anka ce a hankali, kowa ya waiga bayansa.

Baƙo za shi ce mi ne abin taruwa a kan akuya. To wagga ba ta Inna Tani ba ce, ta ƙungiyar mata ce. Banki ya yi mana nisa, kuma ko ka isa sai sun nemi takardar gida, mu da ruwa ka cinye gidajenmu kowace damina. Adashe ya mutu tun da masu zubi sunka fara gudun hijira. Sai mata sunka ɗauko abin da Fulani ka yi tun dauri, habbanaye. A ba ki akuya ki riƙe har ta haihu ta yaye, ɗiyan naki ne, uwar ki miƙa wa ta gaba. Da ɗiyan wagga akuya Maryamu ta sai keken ɗinki, da su Habi ta fara sarin manja. In ta salwanta da sakacin gidanku, ɗiyan sun koma na ƙungiya. In mutanen daji sunka kore ta, ba ki da laifi, ƙaddara ce.

Ni ke bin Inna Tani a layi. Har na share inda za ni kafa turke.

Ana tsaye sai ga Kwamanda. Sunansa Abdullateef, ɗan Inna Tani ne, shi ne shugaban 'yan sa-kai. Baƙin tabarau, rigar layu, bindiga harba-ka-ruga a kafaɗa. Makon da ya wuce duk gari ya ji ƙarar harbi ta bayan gonakin gero, da safe anka ce shi kaɗai ya kori mutanen daji. Anka ba shi zakara, mata sunka yi guɗa. Tun ranar ya daina amsa gaisuwa da baki, sai da kai.

"Muna sintiri gabas, sunka biyo ta yamma," in ji shi.

Mataimakinsa Mubashshir ya duƙa kan sawun tayar. Shi ba ya da tabarau, amma ya fi Kwamanda ban tsoro, don shi yana son aikin.

"Gidaje nawa a garin ga, sunka zo daidai garken da mai shi ba ta nan? Wanga aikin infoma na. Kuma na san tayag ga. Dubi facin."

Kowa ya san ta. Tayar wana ce, Yaya Amiru, ɗan kabu-kabu. Shi ke bin hanyar Burkusuma da kaya ya dawo da ransa, kuma a garinmu wannan kaɗai ya isa a fara kallon mutum.

* * *

Sunka ɗaure shi a jikin darbejiyar ƙofar mai gari. Mai garin kansa yana Sakkwato ganin likita tun bara, ciwon bai da suna.

"Buhun dusa nik kawo jiya!" Yaya ke faɗi. "Inna Tani ta aiko ni da shi daga Isa. Inna, gaya masu!"

"Ni na aike shi," in ji Inna Tani. Muryarta ba ta kai ko'ina ba.

"Sannan ka leƙa ka ƙirga, ka buga masu waya," in ji Mubashshir, ya mare shi da bayan hannu.

Na kutsa ciki. Na ce, "Malam, ni ke bi a layi. Wane mahaukaci ne za shi sace abin da za a kawo mai har gida?"

"Ke mai awara, koma bakin kasko."

"Kasko ya huce. Amsa nike jira."

Ya juya ga taro ya ce in anka sallame la'asar Amiru bai faɗi wanda ya kira ba, za su kai shi gulbi. Bara sun kai wani mai tallan burodi gulbi, wai yana kai wa daji abinci. Har yau kekensa na jingine a bangon masallaci, ba mai taɓawa.

Na dubi Kwamanda. Bai ce a yi ba, bai ce a bari ba. Tabarau bai nuna inda yake kallo.

* * *

Baba Almu na zaune inuwar masallaci yana tufkar igiya. Mutumin Kamarawa ne, hijira ta kawo shi. Da can mai bin sawu ne, in raƙumi ya ɓace ko anka kore shanu shi ake kira. Abokin kakana ne, don haka ba ma raga wa juna.

"Tsoho, tashi."

"Amarya, ko gaisuwa babu?"

"Za su kashe Yaya Amiru."

Hannunsa ya tsaya kan igiyar. "Na bar aikin ga, Sadiƙa. Da, ba a san inda dabba tat tahi ba, sai a biya ni in gano. Yanzu kowa ya san inda take, ba mai son zuwa."

"To bi ka gaya masu dajin ta shiga. In ta shiga, na haƙura."

Ƙarya nike, ba za ni haƙura ba, shi ma ya sani. Ya daɗe yana kallon keken mai burodi. Sannan ya shiga ɗakinsa ya fito da wata tsohuwar jar hula mai layu da sanda mai ƙaho a kai.

"Su mi ne waɗanga kuma?"

"Kayan aiki. In na ce da ido nika gani, ba mai yarda. In na sa hula, sai su ce aljanu na."

Ni dai ƙwan kyankyaso na gani a jikin hular.

* * *

A bayan gidan Inna Tani ya kori kowa baya, ya yi tofi gabas da yamma, ya zagaya yana gunguni. Da na matsa kusa sai na ji abin da yake karantawa: yana zagin waɗanda sunka tattake mai sawu ne, su da iyayensu.

Ya ɗauki kwanson harsashin, ya buga shi a tafin hannu. Busasshiyar ƙasa ta zubo da mataccen kiyashi.

"Wa yaj ji harbi jiya?"

Ba kowa.

"Wanga ya girmi akuyar. Irin wanda ake tsinta a gona na." Ya sa shi aljihu. Ya nuna sawun tayar da sanda. "Yayyafin jiya da magariba ya sauka bisansa. Kafin yayyafi mashin ya zo ya tahi."

"Sai mi?" in ji Mubashshir. "Ya zo leƙen asiri da rana, su sunka zo da dare."

"Haka ne, ɗana, haka ne," in ji Baba Almu da sauri. Tsoro yake ji, kuma ganin haka ya ƙara mini nawa.

Ya shiga garken shi kaɗai. Ya tsuguna ya ɗauki kashin awaki, ya murza manya, ya murza ƙanana, ya sunsuna. Ya fito yana share hannu a riga.

"Tani, wa kinka bar wa dabbobin ga?"

"Abdullateef ka ba su ruwa in ya dawo sintiri. Hajiya shugabarmu kuma ta ce za ta riƙa leƙowa kullum."

Daga nan munka koma wurin Yaya. Leɓensa ya kumbura, igiya ta fara nutsewa a hannunsa.

"Da kak kawo dusa, mi kag gani?"

"Ɗiyan na gani, Baba. Uwar ban gan ta ba, na ɗauka tana kiwo."

"Suna kuka?"

"A'a. Cikinsu a cike."

"Wa kag gaya wa Tani na dawowa yau?"

"Kwamanda, a bakin kasuwa. Da Hajiya, don ita ta tare ni tana tambaya."

* * *

Hajiya Nana Hauwa ita ce shugabar ƙungiya. Ba ta son a ce shugaba, ciyaman take so. Ta taɓa zuwa taron bita a Sakkwato, ta dawo da jaka mai rubutu da kalmomi guda uku na Turanci, su take juyawa har yau. Ana ta raɗe-raɗin tana so a tsallake ni a ba matar ƙanenta akuyar. Kuma Allah ya yi ta da ƙafa, takalmin roba na maza take sawa.

Muna shiga gidanta na hango fata a shanye bisa rufin ɗakin girki. Ja, ɗanya, ƙudaje na bi. Gabana ya faɗi, sannan wani daɗi ya kama ni, Allah ya yafe mini.

"Hajiya, fatar mi ce waccan?"

"Ke Sadiƙa, a gidana za ki yi mini bincike? Ni da nike sufabaizin ɗinku duka?"

Baba Almu ya sa sanda ya jawo fatar, ya shimfiɗa ta, ya duba ƙasan cikin. "Bunsuru na," in ji shi. "Har warin na nan."

"Na sunan jikana ne, shekaranjiya. Ba a gayyace ku ba, shi ya sa."

"Hajiya, yaushe rabonki da ganin akuyar ƙungiya?"

"Kullum nike zuwa."

"Jiya?"

"Jiya ina da baƙi."

"Shekaranjiya suna. Kahin nan hwa?"

Ta gyara mayafi. Ta dubi ƙofa. Ta rage murya har ta koma irin ta mutane. "Almu, gidan Tani shi ne na ƙarshe, bayansa gero ne. Tun ranar da anka yi harbin nan ban taka wurin ba. Kada ka gaya wa mata."

Munka fito. Rana ta take tsaka, ladan na gyaran murya.

"Ba ita ba ce?" na tambaya.

"Ban sani ba tukun. Mu tambayi ƙasa."

* * *

Sawun ya fita ta yagaggiyar dangar ya shiga gero. Geron ya fi mu tsawo, in mutum na taku uku gabanka ba ka ganinsa. Ba mai zuwa gonakin ga sai a ayari, da 'yan sa-kai gaba da baya. Mu kuwa tsoho ne da sanda, da ni da ludayin awara da na manta yana hannuna.

Baba Almu ya cire hular ya cusa aljihu. Daga nan ya daina gunguni, ya koma tafiya a duƙe.

"Dubi nan. Mi kike gani?"

"Takalmin roba. Da ƙananan kofatai."

"Mutum nawa?"

"Ɗaya."

"Ina babban kofato?"

Na duba gaba, na duba baya. Babu.

"Uwar ba ta biyo nan ba. Ba ta ma kwana garken nan ba tun kwanaki, kashinta ya bushe kaji sun watsa shi, na ɗiyan ko ɗanye. Yanzu dubi yadda sunka yi tahiya. An ja su?"

Na san yadda ɗan akuya ke yi in baƙo ya ja shi, yana cije ƙafa yana yin layi a ƙasa. Nan ba layi. Kofatan sun shiga tsakanin ƙafafun mutumin, sun fita, sun zagayo, wani wurin sun taka bisa sawunsa. Can gaba ya nuna mini inda mutumin ya tsaya. A gabansa kofatan baya ne kawai, sun nutse.

"Tsaye sunka miƙe suna neman hannunai," in ji Baba Almu. "Ɗan akuyar da ba a yaye ba uwa tai yaka bi. Waɗanga sun rasa uwa, wani ya riƙa ba su da hannu har sunka ɗauke shi ita. Ba da igiya ya tahi da su ba. Tahiya kawai ya yi, sunka bi."

"Takalmin wa ne?"

"Na rabin garinku. Har da Hajiya, har da wanki Amiru."

Sai munka ji ƙugin mashina. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Baba Almu ya danne ni ƙasa, munka kwanta rub da ciki tsakanin kunya da kunya. Ƙasa ta shiga bakina. Ƙugin ya matso har na ji ana dariya da wata waƙa a rediyo, sannan ya karkata arewa ya yi ta raguwa. Ban san tsawon kwanciyar da munka yi ba. Da na ɗaga kai, tsohon na karanta addu'a, ta gaskiya wannan karon.

"Mu koma," in ji shi.

"Koma kai. Nuna mini inda sawun ya bi."

Ya zage ni, ya zagi kakana a kabari, ya tashi ya wuce gaba.

Sawun ya kai mu kufan Gidan Hussaini, 'yan gidajen da mutanensu sunka watse shekaru biyu baya. Ciyawa ta cinye tsakar gida, tukwane na nan bisa murhu. Daga cikin wani rumbu munka ji kuka siriri. An toshe bakin da ƙaya. Ɗiyan na ciki su biyu, an shimfiɗa masu harawa. A gefe ga robar lemo an huda murfin an cusa tsumma, da sauran madara a ciki. Na sunsuna. Ba ta yi tsami ba.

"Yau da asuba ya zo," in ji Baba Almu. "Mutumin da ka shigowa nan shi kaɗai, ko dai bai da tsoro, ko akwai abin da yaka tsoro fiye da daji."

"Ka san shi."

"Ni ba ni kiran suna, Sadiƙa. Ina da jikoki a garin ga. Ɗauki ɗaya in ɗauki ɗaya. Kada ki ba su komi, bar su da yunwassu."

* * *

Ana sallame la'asar munka iso. Sun riga sun kwance Yaya daga itacen, hannuwansa na ɗaure ta baya, Mubashshir na riƙe da wuyan rigarsa. Innarmu, wadda ta haife mu, na zaune a ƙasa ba ta kuka, ta wuce nan. Da mutane sunka ga ɗiyan akuya a hannunmu sai hayaniya ta tashi.

"Ina kunka same su?"

"Ga shi, ya faɗa wa ƙanwa tai inda ya ɓoye su!" in ji Mubashshir.

Baba Almu ya mayar da hula kansa. Muryarsa ta canza, ta koma ta masu tallan magani a kasuwar Sabon Birni.

"Kowa ya saurara! Abin da ya nuna mini su, shi za shi nuna wanda ya ɗauke su. Tani, tsaya nan. Hajiya, nan. Amiru. Sadiƙa, ke ma, miƙo wanga ki shiga layi. Ku 'yan sa-kai ku tsaya gefen ga ku zama shaida. Amma ƙarhe na karya aikin. Duk mai bindiga ya aje ta bisa tabarmar can, in ba haka ba abin kanai za shi koma."

Samari masu rigar layu ba su wasa da irin wagga magana. Sunka aje, ɗaya bayan ɗaya. Mubashshir ya yi tsaki ya aje tasa. Kwamanda ne na ƙarshe. Tun safe nike raina hular nan, a lokacin na ɗan rage.

Ya zana da'ira da sanda, ya tofa, ya sauke ɗiyan a tsakiya ya ja baya.

Sunka tsaya suna kuka, ƙafafu na rawa. Na farko ya nufi Hajiya, ta ce "A'uzubillahi!" ta ɗage zane. Ya wuce ta. Ya sunsuni gefen zanen Inna Tani, ya wuce. Na biyun ya je daidai ƙafar Yaya Amiru ya tsaya. Na ji Mubashshir ya ce, "To." Ɗan akuyar ya yi fitsari a wurin, ya girgiza kunne, ya ɗaga kai.

Sai su duka biyu sunka kwasa a guje, sunka fita da'irar, sunka ratsa tsakanin ƙafafun 'yan sa-kai. Sunka miƙe tsaye a jikin Kwamanda suna tura kai cikin rigar layu. Ɗaya ya kama yatsansa ya fara tsotsa. Shi kuwa, kafin ya tuna a ina yake, ɗayan hannun ya sauka ya tallabe haɓar ɗan akuyar, yadda ake yi in za a ba shi madara kada ya shaƙe.



"Kwamanda," in ji Mubashshir a hankali. Ya saki rigar Yaya. "Kai ne? Kai ka yi masu aiki?"

Ya juya ya nufi tabarma. Biyu daga cikin samarin sunka bi shi. Na ga abin da za shi faru, ba a fasa zuwa gulbi ba, mutum kawai anka sauya. Amma Hajiya Nana Hauwa ta fi su kusa. Ta taka da manyan ƙafafun nan nata ta zauna daram bisa bindigogin, ta baza mayafi.

"Wanda ya isa ya ɗaga ni," in ji ta. "Akuyar ƙungiya ce, maganar ƙungiya ce."

Inna Tani ta je gaban ɗanta. Ta miƙa hannu ta zare tabaran. Idanunsa sun yi ja, ƙanana, irin na wanda ya kwana biyu bai yi barci ba.

"Abdullateef, ina uwassu?"

Ya kawar da kai.

"Ni na haife ka. Ina uwassu?"

"Inna, motsi nij ji cikin gero." Da ƙyar ake jinsa. "Rannan. Ta tsinke igiya ban sani ba. Na ɗauka su ne. Na harba na ruga."

"Akuya kah harbe?" wani ya tambaya daga baya.

"Da gari ya waye nig gan ta. Na ja ta kwazazzabo na rufe. Ina dawowa na ishe kun taru da zakara." Ya sunkuyar da kai. "In na faɗi, ku yi mini dariya, kuma a karɓe wa Inna ɗiyan. Da Amiru ya ce tana dawowa, sai na ce in anka ce daji ne, ba mai laihi. Ban san za a ga taya ba."

"Da anka gani hwa?" Ni ce na tambaya. Ban san muryata za ta fito haka ba. "Tun hantsi kana tsaye."

"Za ni hana. Da an isa gulbi za ni hana."

Ba wanda ya ce mai ƙarya yake. Ba wanda ya ce gaskiya ne. Ɗan akuyar dai bai saki yatsan ba.

Wani ya fara dariya ya katse ta da kansa. Ina jin a lokaci ɗaya kowa ya tuna cewa barcin da munka samu makon ga, don mun ɗauka an kori wasu ne, alhali ba a kori kowa ba.

Hajiya ta yanke hukunci daga inda take zaune. Sakaci ne na gida, ɗiyan sun koma na ƙungiya, macen ita za ta maye uwarta in ta girma. Abdullateef ne za shi ci gaba da ba su madara har a yaye su, tunda ya iya. Ba ta tashi ba sai da liman ya zo ya tsaya, kowane saurayi ya ɗauki bindigarsa ya rataya baki ƙasa. Da na waiga neman Baba Almu, har ya kai inuwar masallaci, ya cire hula, ya ɗauki igiyarsa, kamar bai taɓa tashi ba.

Ni na kwance Yaya. Ƙullin ya ƙi, sai da na sa haƙori. Hannuwansa sun kumbura sun yi baƙi, yatsun ba su rufuwa. Innarmu ta riƙe fuskarsa tana ta kiran sunansa. Munka ɗaga shi, ni a dama ita a hagu, mutane na buɗe mana hanya ba mai haɗa ido da mu.

Mun kusa kwana sai ga Mubashshir ya biyo mu, bindiga a kafaɗa. Yanzu shi ne babba, ba sai an faɗa ba. Munka tsaya. Na ji jikin Yaya ya sandare.

"Amiru, sai haƙuri. Ka san yanayin da ake ciki."

"Ba komi," in ji Yaya.

"Yawwa. Gobe ina da zuwa Sabon Birni. Ka biyo ka ɗauke ni."

Na buɗe baki. Yaya ya matse kafaɗata da hannun da ba ya rufuwa. Ya dubi bindigar, ya dubi ƙasa, ya lashe jinin leɓensa.

"To," in ji shi. "Da sassafe, ko sai rana ta ɗaga?"